Modibbo Adama, Malamin da Ya Riƙe Sunansa

Yaron da ya tashi a Damare, ko a Jimeta, ko a cikin garin Yola, da wuya ya wuni bai ji sunan Adama ba, domin daga gare shi aka samo sunan jiharsa. A Hausa, idan ana so a ambaci mutanen wani gari ko mabiyan wani mutum, akan liƙa ɗafin -awa a ƙarshen sunan. Ta haka aka sami Kanawa daga Kano, da Katsinawa daga Katsina, da Gobirawa daga Gobir. Adamawa kuwa ma'anarsa mutanen Adama. A yau akwai Jihar Adamawa a Nijeriya, akwai kuma wani yanki mai wannan suna a ƙasar Kamaru, wanda babban birninsa shi ne Ngaundere.

Sai dai akwai wani abin lura game da wannan bawan Allah. Ya mulki ƙasa mai faɗi har shekara talatin da takwas, kuma 'ya'yansa huɗu sun gaje shi ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ana kiransa Lamiɗo, wato sarki da Fillanci. Shi kuwa uban nasu, wanda ya kafa daular, har gobe Modibbo ake ce masa, wato malam. Sunan da ya samo a gaban allo da littafi shi ya riƙe har ya koma ga Mahaliccinsa. Wanda ya fahimci dalilin haka ya fahimci rabin tarihin mutumin.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Adama wajejen shekarar 1786 a wani ƙauye da ake kira Wuro Cekke, a yankin kogin Binuwai. Mahaifinsa, Hassana, arɗo ne, wato shugaban wata ƙungiya ta Fulani makiyaya, kuma yana da ilmin addini gwargwadon hali. Fulani suna kiran wannan ƙasa Fombina, ma'ana kudu, saboda tana kudu da Barno, inda da yawa daga cikinsu suka fito da shanunsu suna neman ciyawa da ruwa.

A wancan zamani Fulanin Fombina ba su da sarki guda. Kowace zuriya tana ƙarƙashin arɗonta, suna zaune a warwatse a tsakanin al'ummomin da suka riga su zama a ƙasar, kamar Bata da Camba da Vere da Fali da Mbum. Sarakunan waɗannan al'ummomi su ke da iko da ƙasa, makiyaya kuwa sukan biya su wani abu kafin a bar su su yi kiwo. Wani lokaci a zauna lafiya, ana musayar nono da hatsi, wani lokaci kuma rigima ta tashi a kan gona ko mashaya ko yawan abin da ake karɓa. A cikin zuriyoyin Fulanin, Wolarɓe da Yillaga su suka fi yawan jama'a da dawaki. Zuriyar Ba, wadda Adama ya fito daga cikinta, ba ta kai su ƙarfi ba.

Neman ilmi

Adama ya fara karatu a gaban mahaifinsa. Da ya tasa, sai ya nufi Barno, wadda ta yi suna a duk ƙasashen Sudan wajen karatun Alƙur'ani da kyan rubutunsa. A can ya zauna wurin wani malami mai suna Malam Kiyari, ya yi shekaru yana ɗaukar karatu.

Hanyar karatu a wancan zamani doguwa ce. Almajiri yakan fara da allo har ya sauke Alƙur'ani, sa'an nan ya shiga littattafan fiƙihu, daga ƙanana irin su Ahalari da Ishmawi zuwa manya irin su Risala da Muhtasar, ya haɗa da nahawu da tauhidi da tafsiri. Babu takardar shaida da ake bayarwa a ƙarshen shekara. Shaidar mutum ita ce abin da ke kansa. Idan aka kawo masa matsalar gado ya raba daidai, aka buɗe masa littafi ya warware, sai jama'a su fara kiransa malam. Fulani kuwa modibbo suke cewa, kalmar da ta samo asali daga Larabci, mai nufin wanda ke koyarwa yana kuma tarbiyya. Wannan laƙabi ba a gadonsa, ba a kuma sayensa. Da shi Adama ya komo gida wajejen 1804.

Da ya iso, sai ya tarar da labari mai ɗaci. An kashe mahaifinsa a wani rikici tsakaninsu da Bata. Ya tarar kuma ana ta zancen wani babban al'amari da ya taso a can yamma, a ƙasar Gobir.

Karɓar tuta

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa. Kafin ƙarshen 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. A tsakanin waɗannan shekaru malamai daga wurare daban-daban suka riƙa zuwa wurin Shehu suna karɓar tuta, alamar izinin jagorancin jihadi a ƙasashensu. Malam Musa ya nufi Zazzau, Ummarun Dallaje ya yi Katsina, Yakubu ya kafa Bauci, Buba Yero kuma ya kafa Gombe.

Shugabannin Fulanin Fombina su ma suka tura jama'a wurin Shehu, Modibbo Adama yana cikinsu. A 1809 Shehu ya ba shi tuta, ya naɗa shi shugaban Musulmin kudu baki ɗaya. Da Fillanci sarautar ita ce Lamiɗo Fombina.

Wannan zaɓi ya ba mutane da yawa mamaki. Akwai arɗaɗɗan da suka girme shi, suka fi shi shanu da mayaƙa, suka kuma fi shi sanin fagen fama. Da yawan dawaki ake dubawa, da ba a ko waiwaye shi ba. Amma Shehu malami ne, kuma abin da yake nema shi ne wanda ya san shari'a, wanda zai iya hukunci tsakanin zuriyoyin da ba sa yarda da juna. Ta wannan fuska, rashin ƙarfin zuriyar Adama ma ya zama alheri, domin ya fi sauƙi Wolarɓe da Yillaga su bi malamin da ba ya gasa da su, a kan ɗayansu ya bi ɗan'uwansa.

Sarauta ba ta sauya shi ba

Mutum yakan sami ƙaramin muƙami ya sake tafiya, ya sake murya, har ya ƙi amsa sunan da iyayensa suka raɗa masa. Adama ya dawo da tutar da ta ɗora shi a kan dukan arɗaɗɗan kudu, amma ya fi son a ci gaba da kiransa Modibbo. Ya san abin da ya sa aka zaɓe shi. Ilmi ne ya kai shi wurin, saboda haka bai ga dalilin da zai ajiye sunan ilmi ya ɗauki wani ba.

Wannan hali ya dace da koyarwar shugabannin jihadin. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya soki sarakunan zamaninsa saboda son ado da alfarma da karɓar dukiyar talakawa ba bisa ƙa'ida ba. Ƙanensa, Malam Abdullahi na Gwandu, da ya ga wasu mabiya sun fara karkata ga tara dukiya da neman muƙami, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya Makka, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. Wato tun da wuri an gane cewa kawar da sarki mai girman kai ya fi sauƙi a kan hana wanda ya gaje shi zama irinsa.

Adama ya kafa cibiyarsa ta farko a Gurin, a bakin kogin Faro. Masallacin Gurin ya shahara a duk ƙasar, amma ba don tsawon hasumiya ko adon bango ba. Da kara aka yi shi, kamar yadda talakawa ke yin ɗakunansu, kuma mutanen garin suka daɗe ƙwarai suna sabunta shi da karan ta hanyar aikin gayya. Daga irin wannan wuri ne aka riƙa ba arɗaɗɗai tutoci suna tafiya gabas da kudu da arewa.

Yaƙe-yaƙe, nasara da akasinta

A cikin shekarun da suka biyo baya ikon Fulani ya bazu ƙwarai. Garuruwa irin su Garwa da Marwa da Rai da Ngaundere da Tibati da Banyo, waɗanda duk suke cikin Kamaru a yau, sun zama mazaunin sarakunan da ke bin Modibbo Adama. Kowane arɗo yakan ci ƙasar da ke kusa da shi, ya riƙe ta, ya riƙa aiko da gaisuwa da mayaƙa idan an nema. Shi kuma Modibbo yana bin Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ya yi zamani da Shehu, wanda ya rasu a 1817, da Muhammadu Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba.

Ba kowane yaƙi ya ci ba. Da ya fuskanci daular Mandara a arewa, ya kai har Dulo, babban birninta, ya shige ta, sarkin ya janye zuwa duwatsun Mora. Amma mayaƙan Modibbo suka shagala da kwasar ganima, suka watse cikin gari. Mutanen Mandara suka sake shiri suka dawo, suka fatattake su. Mandara ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Fombina ba. Wannan ya nuna wa Modibbo cewa da yawa daga cikin masu bin tutarsa abin duniya ne ya fito da su, ko da yake sunan addini suke ambata.

Tun da muna zancen mutumin da ya ƙi ɓoye kansa a bayan laƙabi, bai kamata mu yi wa tarihinsa kwalliya ba. Waɗannan yaƙe-yaƙe sun jawo wa al'ummomi da yawa wahala mai tsanani. An ƙone ƙauyuka, an raba mutane da gonakinsu. Wasu sun haye kan duwatsu sun zauna can shekara da shekaru don tsira da 'yancinsu, wasu, kamar ɓangarorin Bata da Camba, sun yi ƙaura zuwa wasu wurare. An kama mutane da yawa an bautar da su. Wasu an zaunar da su a ƙauyukan noma da Fulani ke kira rumde, irin abin da Hausawa ke kira rinji, wasu kuma an tura su Sakkwato a cikin gaisuwar shekara. Jikokin waɗanda suka yi yaƙin da na waɗanda aka yaƙa duk suna zaune tare a Adamawa a yau, a aji ɗaya da kasuwa ɗaya. Sauƙin kan Modibbo gaskiya ne, wahalar da mutane suka sha a zamaninsa ita ma gaskiya ce, kuma ɗalibin tarihi yana bukatar ya riƙe su duka biyu.

Arɗaɗɗai masu ƙarfi

Babbar matsalar Modibbo a cikin gida ita ce wasu daga cikin waɗanda ke ƙarƙashinsa sun fi shi dukiya da mayaƙa. Buba Njidda na Rai ya daɗe yana nuna cewa shi ba ya bukatar umurnin kowa. Arɗo Hamman Sambo, wanda ya kafa Tibati, ya tafi har Sakkwato, ya samo tuta tasa ta kansa daga Sarkin Musulmi Atiku wajejen 1842, don ya fita daga ƙarƙashin Modibbo.

Wannan ya zama babbar jarrabawa. Da daular ta rabu a lokacin, da kowane arɗo mai ƙarfi ya bi sawun Sambo. Modibbo ba shi da rundunar da za ta tanƙwara Tibati da ƙarfi, bai kuwa yi kurin yana da ita ba. Abin da yake da shi shi ne amanar da Shehu ya ba shi tun 1809, da mutuncin da ya tara cikin shekara talatin da 'yan kai. Atiku ya rasu a 1842, Aliyu Babba ya hau. Sabon Sarkin Musulmi ya janye tutar da aka ba Sambo, ya tabbatar da cewa Fombina ɗaya ce kuma Modibbo ne shugabanta. Hausawa sun ce gaskiya dokin ƙarfe ce. A wannan karo ita ce ta kai Modibbo inda dawaki ba za su kai shi ba.

Kafa Yola da rasuwarsa

Modibbo bai dawwama a Gurin ba. Wajejen 1831 ya koma Ribaɗu, daga nan ya yi ɗan zama a Njoboli, sa'an nan a 1841 ya sauka a kan wani tudu kusa da fadamar Binuwai. Fulani suna kiran irin wannan tudu yolde, daga nan aka sami sunan Yola. Ba a kewaye garin da ganuwa irin ta Kano ko Zariya ba. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a watan Yuni na 1851, ya tarar da gari ne buɗaɗɗe mai faɗi, yawancin gidajensa ɗakunan ciyawa ne a cikin manyan filaye.

Allah Ya yi wa Modibbo Adama rasuwa a Yola a 1847. A lokacin, ƙasar da ke bin tutarsa ta kai kimanin murabba'in kilomita 100,000. Mutanen Adamawa sun riƙe shi a zukatansu a matsayin mutum mai tsoron Allah da gudun duniya, wanda littafi ya fi takobi kusa da ransa. Ɗansa Lawal ya gaje shi daga 1847 zuwa 1872, sai Sanda daga 1872 zuwa 1890, sai Zubairu daga 1890 zuwa 1901. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, suka naɗa Bobbo Ahmadu, shi ma ɗan Modibbo ne, ya yi sarauta har 1909. Turawa suka raba daular biyu. Yola ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasar kuwa ta shiga hannun Jamus, shi ya sa garuruwa da yawa na Fombina suke cikin Kamaru a yau.

Daular ta rabu, amma sunan ya tsaya. A 1991 aka raba Jihar Gongola, ɓangaren da Yola take aka sa masa suna Adamawa. Jami'ar tarayya da aka kafa a Yola a 1981 ita ma daga baya aka sa mata sunansa, ana kiranta Jami'ar Modibbo Adama. A ƙofarta ma laƙabin malanta ne ke gaban sunan.

Abin da za mu ɗauka

Ba kowa ne zai riƙe tuta ko ya kafa gari ba, amma jarrabawar da Modibbo ya fuskanta tana zuwa wa kowa a cikin harkokin yau da kullum. Ɗalibi yakan saci amsa a jarrabawa don ya sami takardar da ke cewa ya san abin da bai sani ba. Ranar da aka ba shi aiki aka ce ya yi, takardar ba za ta yi masa ba. Magidanci yakan ci bashi don a ce bikin 'yarsa ya fi na maƙwabci, baƙi su watse cikin kwana biyu, shi kuwa ya shekara yana ɓuya daga masu binsa. Saurayi yakan ari riga da mota ya je zance, ya manta cewa wadda ya aura a gidansa za ta zauna, ta ga abin da ke cikin tukunya. Wani kuma yakan yi fushi idan aka kira shi ba a sa masa Alhaji ko Dakta ko Injiniya ba, ko da bai taka matsayin ba. Duk waɗannan suna wahalar da kansu wajen tsare wata siffa da ba tasu ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Riƙe gaskiyar kai ba ya nufin mutum ya ƙi ci gaba ko ya raina tsabta da kyakkyawar shiga. Modibbo ya bar ƙauyensu ya tafi Barno don ya ƙaru, ya kuma karɓi shugabanci da aka ba shi, ya ɗauki nauyinsa har ƙarshen ransa. Abin da ya ƙi shi ne ya bar mutane su ɗauke shi a wani abin da ba shi ba ne. Ya san inda ƙarfinsa yake, ya san kuma inda ya gaza. Da rikicin Tibati ya taso, wannan sanin ne ya hana shi shiga yaƙin da zai iya wargaza daular. Arɗaɗɗan da suka fi shi dawaki, a yau sai masu nazarin tarihi da mutanen garuruwansu ke tuna su. Shi kuwa, miliyoyin mutane a ƙasashe biyu suna ambaton sunansa duk lokacin da aka tambaye su daga ina suka fito.

Tambayoyi

1. Yaya aka samo sunan Adamawa? Kawo wasu sunaye uku da aka gina ta wannan hanya.
2. Mece ce ma'anar modibbo, kuma ta yaya mutum ke samun wannan laƙabi a zamanin da?
3. Waɗanne dalilai ne suka sa aka ba Adama tuta alhali akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi?
4. Me ya jawo wa rundunar Modibbo rashin nasara a Mandara?
5. Bayyana irin wahalar da yaƙe-yaƙen wannan zamani suka jawo wa al'ummomin Fombina.
6. Rubuta sakin layi biyu a kan wani hali na nuna abin da ba a da shi wanda ka lura da shi a unguwarku, da abin da yake jawowa.